Kumbon Tubalan Roba: Na Wasa Ne Ko Na Ajiya?

A garin Billund na ƙasar Danmak ne wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ya fara ƙera kayan wasan yara a 1932, sana'ar da ta zama kamfanin LEGO. A 1958 kamfanin ya yi rajistar tubalin roba wanda ke kama ɗan'uwansa gam-gam, a kuma raba su in an so. A 1978 aka shiga sayar da tubalan da ake harhaɗa kumbo da su, a 1999 kuma aka ƙara da kumbunan fim ɗin Star Wars.

Sannu a hankali manya ma suka shigo kasuwar. Kumbon Millennium Falcon na 2017 yana da tubala 7,541, kuma domin manya masu tara kayan sha'awa aka yi shi. Wasunsu ko kwalin ba sa buɗewa, suna jiran farashi ya hau. Wasu kuwa su haɗa sau ɗaya su kulle a cikin gilashi. Wannan ɗabi'a tana kashe amfanin abin, domin darajar tubali tana cikin wargazawa da sāke gini.

Masanin lissafi Søren Eilers, ɗan Danmak, ya gano da taimakon kwamfuta cewa tubala shida iri ɗaya, masu ƙusa takwas-takwas, ana iya haɗa su ta hanyoyi 915,103,765. Ɗalibin ilmin halittu ba zai yi mamaki ba. Haruffa huɗu kacal ke rubuta saƙon gado a cikin DNA, kuma da amino asid iri 20 jiki ke gina furotin, tun daga himogulobin mai ɗaukar iskar oksijin a jini har zuwa keratin na gashi da farce. Idan yaro ya ci wake, cikinsa na wargaza furotin ɗin waken, sa'an nan jikinsa ya sāke jera amino asid ɗin ya gina tsoka. Yaron da ya rushe kumbo ya mai da shi gada yana bin wannan ƙa'ida da hannunsa.

Masu ajiya suna da hujja, cewa bin littafin umarni yana koyar da haƙuri da tsari. Haka ne. Rokar Saturn V ta 2017, mai tubala 1,969 domin tunawa da saukar ɗan Adam a kan wata a 1969, tana rabuwa kashi uku kamar ta ainihi, har malami ya nuna yadda roka ke yar da ɓangaren da mansa ya ƙare don ta rage nauyi. Amma sai an taɓa ta, an raba ta, darasin zai fito. Ya kamata malami ya kuma bayyana cewa rugugin kumbunan fim ƙage ne, tun da babu iskar da za ta ɗauki sauti a sararin samaniya.

Akwai kuma batun muhalli. A 1997 igiyar ruwa ta kifar da kwantenoni daga jirgin Tokio Express kusa da gaɓar Cornwall ta Ingila, ɗaya na ɗauke da tubalan LEGO kusan miliyan 5, waɗanda teku ya yi shekaru yana fito da su. Binciken Jami'ar Plymouth na 2020 ya ƙiyasta cewa irin wannan roba na iya kai shekara 100 zuwa 1,300 a cikin teku. Abu mai irin wannan ƙarko ya cancanci ya riƙa wucewa daga hannun wa zuwa na ƙane, maimakon a yi ta sayen sabo ana tarawa.

Makarantar da ba ta da kuɗin sayen waɗannan kaya ba ta yi asara ba. Yaran da ke ƙera mota da kara da gwangwani sun riga sun iya aunawa da gwadawa da gyara. Aikin malamin kimiyya shi ne ya shigo da su ɗakin gwaje-gwaje, ya ce su gina roka mai rabuwa kashi uku, su kuma faɗi dalilin kowane kashi.