Allo ɗaya, aiki biyu: mu auna kafin mu saya

Allon kallo ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun 1964 aka soma koyar da yara ta telebijin a Yamai, a 1979 kuma Télé-Sahel ta fara aiki, aka kakkafa akwatunan kallo na jama'a a ƙauyuka, waɗansu da hasken rana suke aiki. Yau wani allo ne ya shigo: na kwamfuta. Malamin lakwal da magatakardan ƙungiyar manoma suna son shi don rubutu da lissafi, samari kuma suna son shi don wasan PlayStation. A Lugu da sauran ƙauyukan Arewa, inda kuɗi sai an sayar da wake ko an kai akuya kasuwa, sayen allo biyu ɓarna ce. Ra'ayinmu shi ne a sayi ɗaya, amma a zaɓe shi da hankali.

Abin farko shi ne wuta. Daidai ruwa, daidai tsaki. Allo mai inci 24, wato kamar santimita 60 daga kusurwa zuwa kusurwa, yana cin wat 20 zuwa 30. Babbar telebijin mai inci 55 tana iya cin ninki uku na wannan. Ita kuma PlayStation 5, wadda ta fito a 2020, tana shan kusan wat 200 lokacin wasa. Wanda ke dogara ga hasken rana da batir, in bai yi wannan lissafi ba, kafin isha'i ya shiga duhu. Mutanen gari ma kada su saki jiki: a watan Agusta na 2023 aka yanke wutar da ke zo mana daga Nijeriya, ba ta dawo ba sai Maris na 2024.

Na biyu, a juya allon a dubi bayansa. Ana kawo tsofaffin alluna na gwanjo masu araha, waɗanda ba su da wata kafa sai VGA, mai launin shuɗi. Wannan kafa tana karɓar kwamfuta, amma PlayStation 4 da 5 da Xbox na yanzu ba su san kowa ba sai HDMI. Araha ba ta ado. A nemi mai kafar HDMI biyu, ko HDMI ɗaya da wata kafa ta kwamfuta, don kada a riƙa cire waya ana mayarwa kullum har kafar ta lalace. A tambayi sauti kuma, domin alluna da yawa kurame ne, ba su da lasifika. In haka ne, sai a tabbata akwai ramin da ake sa abin saurare.

Na uku, kada a biya abin da ba za a mora ba. Ɗan kasuwa zai yabi allon 4K mai sauya hoto sau 120 a daƙiƙa. Gaskiya ne yana da kyau, amma PlayStation 4 ta farko, ta 2013, ba ta wuce 1080 da sauyi 60. Wannan ma'auni ya ishi rubutu, ya ishi wasan ƙwallo. Irin da ake kira IPS ya fi dacewa da mu, saboda hotonsa ba ya dushewa ga wanda ke zaune daga gefe, mu kuwa ba mu kallo mu kaɗai.

Waɗansu dattawa za su ce wasa shiririta ce, a bar allo ga aiki. Damuwarsu tana da tushe. Amma yaron da ya koyi haɗa waya da kula da batir saboda wasa, shi ne gobe zai rubuta wasiƙar ƙungiya. Maganin shi ne doka: rana ta aiki da karatu, wasa sai bayan an gama, kuma da ƙayyadadden lokaci.

Daga ƙarshe muna kira ga ma'aikata da shugabannin ƙungiyoyi masu sayen kaya da kuɗin jama'a: ku sa a kunna allon gabanku, da kwamfuta da na'urar wasa, kafin ku ba da ko dala. In ya iso gida, a rufe shi da zane saboda ƙurar hunturu, a nisanta shi da zafin rana. Kayan jama'a amana ne.