Ciyawar Ƙawa Ko Inuwar Ɗorawa?

Jama'a, ina roƙo ku ba ni aron kunnuwanku a kan wata 'yar magana wadda ta tsaya mini a rai tun sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta a Sabon Wuse. Maganar ciyawa ce. Kada ku yi dariya tukuna.

A gaban ofishin makarantar akwai wani fili da aka shimfiɗa wa ciyawar nan ta ƙawa wadda masu sayar da furanni ke kira kafet, aka kafa allo aka rubuta kada a taka. Watan Fabrairu ne, iskar hunturu ta busar da kome, rijiyoyin unguwa sun ja baya. Kowace safiya sai a ɗebi yaran ajina da bokitai su tafi ban ruwa. Kafin su komo rabin darasin lissafi ya wuce, ga riguna sharkaf. In an tashi tara kuwa, ba su da wurin zama sai gindin bango, domin filin ba shi da itace ko ɗaya. Wani dattijo maƙwabcin makarantar ya ce mini, "Ai ɗana, da akwai ɗorawa biyu a nan. An sare su ne wai suna zubar da ganye."

Ran nan sai na ce to, tun da ciyawa ta cinye mana lissafi, bari mu yi lissafin ciyawa. Muka auna filin, mita 20 ne kowane gefe, watau murabba'in mita 400. Da rani irin wannan ciyawa ta kan bukaci kimanin lita 5 a kowane murabba'in mita kowace rana in ana so ta zauna kore shar. Yaran da kansu suka fitar da amsa: lita 2,000, watau jarka 100 mai lita 20. Kurar ɗan garuwa mai jarka goma sai ta yi sawu goma ke nan, kullum, har wata biyar. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mu jarka huɗu mu ke saye a gidanmu." Aji ya yi tsit.

Ni ma ba baƙon wannan ciyawa ba ne. A makarantar mishan na tashi, na kuwa sha langalanga a hannu, har na ɗauka wurin da ba shi da shimfiɗar ciyawa bai waye ba. Daga baya na gane al'adar Ingila ce, ƙasar da ba a rasa yayyafi kowane wata. Turawa suka zo da ita barikinsu, muka gada ba mu tambayi dalili ba. Abin da ke ruɗinmu a nan shi ne damina. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ya wadata, ko dutse ka shuka sai ka ce zai tsira. Daga Nuwamba fa sai labari ya sha bamban.

Masu arzikin da suka fi mu ma sun fara janye jiki. A Jihar Nebada ta Amurka, inda birnin Las Begas ya ke, an yi doka a 2021 cewa daga farkon 2027 ba za a ƙara shayar da ciyawar ado ta bakin tituna da gaban ofisoshi da ruwan Kogin Kolorado ba.

To, me za a sa a madadinta? Abin da ƙasar nan ta saba rainonsa ba da boka ba malam. Mutanen Sabon Wuse daga Wuse aka taso su bayan dokar 1976 da ta ware ƙasar Abuja, dattawansu kuwa ba su manta itatuwan da suka baro ba. Ga ɗorawa, wadda ke fure tsakiyar rani ba wanda ya ba ta ko moɗa guda, ta ba da inuwa, yara su sha garinta, iyayensu mata su yi daddawa da kalwarta. Ga maɗaci, ga ɗinya, ga tsamiya, ga kaɗanya. In ciyawa a ke so dole, ga gamba, a jera ta gefen shinge, da kaka a yanke a saƙa zana. Ga jema kuma, mai saiwa mai zurfi, wadda ke riƙe ƙasa inda ruwa ke zaizaya. Ranin farko da na biyu kaɗai dashen ke bukatar ban ruwa da kariya daga awaki.

Na san abin da waɗansunku za su ce: macizai, gobara, da kuma cewa wuri zai koma kamar daji. Maganar macizai da gobara gaskiya ce in an bar ciyawa ta yi duhu jikin azuzuwa. Amma ban ce a bar wuri ba shara ba. Gindin itace a share shi tas, kamar yadda kakanninmu ke share dandali. Filin ƙwallo kuma a bar masa ciyawarsa, ta bushe da rani ta farfaɗo da damina, domin ita tana da aiki. Abin da ba ni da amsarsa sai haƙuri shi ne jinkiri. Kaɗanya ta kan kai shekara 15 kafin ta yi 'ya'ya, mai son a yaba masa bana ba zai dasa ta ba.

Mu da za a rarraba mu makarantu, kowa zai tarad da irin filin nan da irin allon nan. Saboda haka ina roƙon Shugaban kwalejinmu ya ba mu wata kusurwa mu fara renon dashe kafin ruwan farko. Na riga na ajiye kalwa rabin mudu a akwatina. Sai an jiƙa ta da ruwan zafi ta kwana kafin a shuka, don ɓawonta da tauri. Wanda ke da 'ya'yan ɗinya ko na maɗaci a garinsu, ya taho mana da su bayan hutu.