Yuraniyom ɗinmu, Hasken Wasu

A 1971 kamfanin SOMAÏR ya fara haƙar yuraniyom a Arlit, COMINAK ta biyo sahu a Akokan a 1978. Shekara da shekaru manyan motoci sun yi ta kwasarsa zuwa tashar ruwan Kwatano, daga can sai Faransa, inda nukiliya ke ba da kusan kashi biyu cikin uku na wutar ƙasar. Ga abin takaici: wutar da mahaƙan Arlit ke aiki da ita daga gawayin Anu Araren ake samo ta. Mu kuwa a jihar Damagaram, layin wutar Katsina muka jingina da shi, kuma da Najeriya ta yanke wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023, kowa ya ji a jikinsa. Mai injin niƙa da mai sayar da ƙanƙara a Gure ba sa bukatar a faɗa musu farashin duhu.

Tashoshin nukiliya na yau fasa ƙwayar zarrar yuraniyom suke yi. Masana kuma na neman akasin haka, wato haɗe ƙwayoyin haidirojin kamar yadda ke faruwa a cikin rana. A Kadarash ta Faransa, aikin ITER na son tsare iska mai zafin digiri miliyan 150 cikin zoben maganaɗisu, amma an ɗage fara gwajinsa zuwa 2034. A Libamo ta Amurka, a Disambar 2022, an harba hasken leza 192 kan ɗan ƙwayar makamashi, ƙarfin da ya fito ya zarce wanda hasken ya kai masa. Sai dai wutar da na'urorin suka sha ta ninka hakan kusan sau ɗari. Da sauran rina a kaba.

Abin da ya shafe mu shi ne, wannan fasaha ta haɗe ƙwayoyi ruwan teku da ƙarfen litiyom take nema, ba ta da gami da Arlit. COMINAK ta rufe a Maris 2021, ta bar tsaunukan dusa mai guba. Gwamnati ta karɓe SOMAÏR a Yunin 2025, na kuma yaba, amma mallakar rami ba ta kunna fitila. A ganina, muddin masu sayen yuraniyom na nan, kuɗin su tafi ga wayoyi da taransfoma, da tashoshin hasken rana irin ta Goru Banda, da ɗakunan gwaji a Jami'ar André Salifou ta Damagaram.