A Daina Fesa wa Robar Mota Fenti

Wanda ya tsaya a tashar Gaya da hantsi ya ƙare wa motocin da ke lodin Wudil da Dutse kallo, zai ga ciwo iri ɗaya a jikin da yawansu: bamba ta yi dabbare-dabbare, fentinta ya tsattsage kamar ƙasan tafki a bazara. Mu muka jawo musu wannan da kuɗinmu, saboda wata magana da ta zauna mana a ka, wai duk abin da ya koɗe a jikin mota, fenti ne maganinsa. A kan ƙarfe, na yarda. A kan baƙar robar waje kuwa, gyaran gangar Abzinawa ne.

Robar da nake nufi ita ce ta bamba, da ta bakin taya, da murfin madubi, da dogon layin nan na gefen ƙofa da ake gani a Golf da Sharon. Maƙeran motar da gangan suka bar ta ba fenti. Yawancinta daga folifirofilin aka yi ta, dangin robar bokiti da kujerun biki. Baƙinta a cikin jikinta yake, shi ya sa ko ƙaya ta karce ta, baƙi za ka tarar a ƙasa. Fatarta kamar kakin zuma take, ba ta son abu ya manne mata. Tana lanƙwasa idan an doke ta, tana kuma buɗewa da zafi fiye da ƙarfe. Fentin ƙofa da na bonet kuwa, da ya bushe sai ya ƙame. To, ka ɗora ƙamammen abu a kan mai motsi, ka ajiye a ranar watan Afrilu da zafinta ke haura digiri 40, sannan ka bi hanyar burji zuwa ƙauyukan Ajingi, tsakuwa na dukansa. Yaya ba zai fashe ba?

Mai fenti zai ce min, "Malam, ai akwai motocin da suke zuwa da bamba mai launin jiki tun daga kamfani." Gaskiya ne. Amma kafin fenti ya zauna a kan irin wannan roba sai an wanke maiƙonta sarai, an fesa mata shimfiɗa ta musamman da ke sa fenti ya kama roba, an zuba wa fentin sinadarin da zai ba shi laushi, an kuma yi aikin a ɗakin da ƙura ba ta shiga. Mu kuwa a gindin darbejiya ake yi mana, hunturu na kaɗawa, da fentin da ya ragu daga wata motar. Ban ɗora wa mai fenti laifin shi kaɗai ba. Mai mota ne ke taya aikin kamar yana sayen albasa, ya kuma ce gobe da asuba yake son motarsa don ya yi lodin kasuwar Wudil ran Juma'a. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne babu komawa baya. Kafin a fesa, an goge robar da samfefa, an kashe ɗan kaushin nan nata na asali. Ranar da fentin ya ɓamɓare, ba ka da tsohuwar bambarka, ba ka da sabuwa. Ko dai ka sake biyan mai fenti, ko ka nufi Ƙofar Ruwa neman wata. Ga kuma dillalin da zai cike tsagar bamba da fila, ya lulluɓe da fenti mai sheƙi, ya sayar wa bawan Allah a matsayin lafiyayya.

Wanda ya ga lallai sai ya rufe robarsa, danƙon fesawa da ake ɗayewa ya fi masa. Wanda ya fi suna shi ne Plasti Dip, wanda aka fara yi a jihar Minesota ta Amurka a 1972 don rufe mariƙin filaya da makamantanta, kafin masu motoci su gano shi. Idan ya bushe fata yake zama, yana miƙewa tare da robar, ranar da ka gaji da shi kuma ka kama gefe ka ɗaye da hannu.

Yana da aibinsa, kuma dole in faɗa. Sai an fesa shi hawa huɗu ko biyar. Wanda ya yi tsimi ya fesa biyu, zai sha wuyar cire shi gutsure-gutsure. Fetur na narkar da shi, don haka mai shan mai a hannun 'yan bumburutu ya kula da inda mazurari ke ɗiga. Ranarmu na rage masa kwana, burushin mai wankin mota na iya ɗaga bakinsa, kuma ba a kowane shago ake samunsa ba, sai an shiga Kano. Duk da haka, idan ya lalace shi kaɗai ya lalace. Robar da ke ƙarƙashinsa tana nan yadda ka bar ta.

Ni dai a ganina, yawancin motocinmu ko wannan ma ba sa buƙata. A wanke robar da sabulu, a hana yara masu wanki shafa mata baƙin mai, don ƙura kawai yake tarawa, a riƙa ajiye mota a inuwa. Direbobin Gaya da Ajingi, idan kun kai mota gyaran jiki, ku ce wa mai fenti ya tsaya a kan ƙarfe, ya bar muku robarku.