Fim ɗin Sheena Bai Cancanci Kuɗin Matasanmu Ba

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi magana a kan Sheena, tsohon fim ɗin Amurka na 1984 da John Guillermin ya shirya a ƙasar Kenya. Irinsa ne ake tura wa matasanmu a waya, suna kallo ba mai yi musu bayani.

Labarin wata Baturiya ne, Sheena (Tanya Roberts ce ta fito a matsayinta), wadda iyayenta suka mutu a daji, ƙabilar Zambuli suka raine ta, sai ta zama mai cetonsu. Da ta ɗora hannu a goshi, giwa da zaki su amsa kiranta. Jakin dawan da take hawa ma doki ne aka yi wa zanen fenti. Tun a can Amurka masu sharhi suka yi wa fim ɗin kaca-kaca, bai kuma mayar da kuɗin da aka kashe ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Gimbiya Elizabeth ta Toro, lauya, wadda ta riƙe ministar harkokin wajen Yuganda a 1974. Ita aka sa ta fito a matsayin bokanya mai renon Baturiya. Haba!

Muna da tamu sarauniyar. Med Hondo ya yi fim ɗin Sarraounia a 1986 daga littafin Abdoulaye Mamani, kan Sarauniya Mangu ta Lugu da ta ja daga da sojojin Faransa a 1899. Fim ɗin ya lashe babbar kyautar bikin fina-finai na FESPACO a 1987. Masu gidajen kallo na Matamaye da Kance, don Allah ku nemo mana shi.

Naku,
Wani mai karatu daga Yauri, Matamaye.