A Kira Mai Famfo Da Mai Waya Kafin A Zuba Kwalta

Akwai wani abu da ya daɗe yana damunmu, mu da aikin duba makarantu ya sa kullum muna bisa hanya tsakanin Kazaure da Roni da Gwiwa, wani lokaci har mu leƙa Babura. Sai ka ga Gwamnati ta kashe kuɗi masu yawa an yi titi a cikin gari, an zuba kwalta, an gina lambatu dama da hagun, jama'a suna ta sa albarka. Kafin a yi damina biyu sai ga waɗansu mutane da diga da shebur sun tsaga shi, wai za su wuce da bututun ruwa. Su gama, su mai da ƙasa sama-sama, su tafi. Ruwan sama ya sami ƙofa ya shiga ƙarƙashin kwalta, manyan motoci su bi ta kai, shi ke nan rami ya samu. In ka tambayi wanda ya yi titin, ya ce shi ya gama nasa an karɓa. In ka tambayi mai bututu, ya ce ba wanda ya gaya masa za a yi titi.

Mun ga irin wannan da idonmu a wata makarantar firamare, ba ma sai mun faɗi garin ba. Ana haƙa lambatu a bakin makarantar katafila ta tsinke bututun da ke kawo musu ruwa. Direban bai san da shi ba, mai kula da aikin ma haka. Aka yi makonni yara suna fita neman ruwa lokacin darasi, hedimasta yana yawo da takarda daga wannan ofis zuwa wancan, ko wane ofis yana nuna masa ƙofar wani. Ba mu ga mugunta a wurin kowa ba cikinsu. Abin da muka gani shi ne ba wanda yake da takardar da ta nuna inda bututun ya bi.

To, me ya kawo haka? A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, farkon shekarun 1930, En'e ta Kano ita ce ta jawo ruwa daga Challawa, ita ce kuma ta kawo wa birni lantarki, ga ta kuma da ma'aikatar ayyuka mai kula da hanyoyi. Mai ruwa da mai wuta da mai hanya duk baitulmali guda ke biyansu, majalisa guda suke amsa wa. Daga baya abubuwa suka rarrabu. Lantarki ya koma hannun ECN a 1951, ya zama NEPA a 1972, ya zama PHCN a 2005, a 2013 kuma aka sayar da sashen rarrabawa, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗo hannun kamfanin KEDCO. Ruwa yana hannun hukumomin Jiha: ta manyan garuruwa daban, ta ƙananan garuruwa daban, ta karkara daban. Wayar tarho tun 2001 ta zama ta kamfanoni masu zaman kansu, ko wanne da tasa wayar faiba a binne a gefen hanya. Hanyar kanta ma iyayen gijinta uku ne, watau Tarayya da Jiha da ƙaramar hukuma. Ba mu ce a koma zamanin En'e ba, wannan ya wuce tun gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976. Amma da aka raba aikin, an manta a naɗa wanda zai riƙa tara masu aikin wuri guda.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce ta kwalta kaɗai. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ce a shekarar 2024 an tsinke wayar faiba fiye da sau 50,000 a Nijeriya, wajen 30,000 daga ciki kuwa aikin hanya ne ya tsinke su. Abin ya kai har a Fabrairun 2025 Ma'aikatar Ayyuka da ta Sadarwa na Tarayya suka kafa kwamitin haɗin gwiwa don tsare waɗannan wayoyi. Yau in waya ta tsinke, mai POS a kasuwa ya tsaya, malami ya kasa cirar albashinsa, yaro ya kasa rajistar jarrabawa. Na ruwa kuwa ya fi muni. Famfunanmu ba kullum suke zuba ba. In bututu ya fashe a gefen lambatu, sa'ad da aka ɗauke ruwa sai ƙazantar lambatu ta tsiyaya ciki, in an sako ruwa ta bi shi har cikin randar mutane. Wanda ya tuna yadda amai da gudawa suka yi wa Jigawa a daminar 2021 ba zai yi wasa da fasasshen bututu ba.

Kuma ƙasar tamu kanta tana da nata hali. Wajen Kazaure da Roni duwatsu ne da tsakuwa, haƙa na da wuya, saboda haka lebura in ba a tsaya kansa ba yakan binne bututu kusa-kusa, bakin gireda na taɓa ƙasa ya same shi. Wajen Babura kuwa rairayi ne, haƙa ba wuya, amma ruwan damina yakan kwashe ƙasa ya bar abin da aka binne a fili.

Abin da ya sa muka ga ya kamata a yi maganar yanzu shi ne manyan ayyuka sun nufo wannan yanki. Layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Kazaure ya bi. A farkon 2023 kuma aka ƙaddamar da aikin mai da hanyar Kano zuwa Daura har Kwangwalam tagwaye, ita ma ta Kazaure ta ratsa. Duk inda babbar hanya ko tashar jirgi ta sauka, sababbin unguwanni za su biyo, su kuwa sai an kai musu titi da ruwa da wuta. In ba a gyara tsarin ba, abin da muke gani a titi guda za mu gan shi a ashirin.

Waɗansu ƙasashe sun sha wannan wahala kafin mu. Ingila ta yi doka tun 1950, ta sabunta ta a 1991, wadda ta tilasta wa mai ruwa da mai wuta su ba hukumar hanya sanarwa kafin su fasa titi, su kuma mai da shi yadda suka same shi. A Amurka tun 2007 akwai lamba guda, 811, wadda mai shirin haƙa yake bugawa, masu bututu da waya su zo su sa alama a ƙasa. Mu ba sai mun jira irin wannan ba. Abin da muke roƙo ya fi haka sauƙi.

Muna roƙon ko wace ƙaramar hukuma, Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, ta ajiye littafi guda da taswira a sashen ayyuka, a ɗora wa akawu guda alhakinsu, sunansa sananne. Duk wanda ya binne bututu ko waya, ko ya kafa falwaya, ya zo a rubuta: wane titi, wane gefe, taku nawa daga bangon gida, zurfi nawa, wace shekara. Na dā da ba a rubuta ba, a nemi tsofaffin masu gyaran famfo da masu unguwa tun suna da rai, don yawancin taswirar garuruwan nan a kansu take. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, masu koyon aikin gini da injiniya, suna iya yin awon, su sami horo, gari ya sami taswira.

Sa'an nan sau ɗaya a shekara, da kaka, lokacin da ake shirya kasafin kuɗi, shugaban ƙaramar hukuma ya kira injiniyan hanya na Jiha, da mai ruwa, da wakilin KEDCO, da na kamfanonin waya, da hakimi, a karanta musu titunan da za a yi a rani mai zuwa. Mai niyyar wucewa da bututu ya faɗa a nan, ya yi nasa kafin kwalta. Inda ake zaton za a bukata nan gaba, a binne bututun wofi ya ƙetare titin tun yanzu, kuɗinsa kaɗan ne in an gwada da fasa kwalta. Kuɗin kawar da falwaya da taransifoma kuma masu su su ƙiyasta shi a rubuce, a sa cikin kwangila tun farko, don rashin yin haka ne ke sa ka ga an gama titi ga turken lantarki tsaye a tsakiyarsa, ɗan kwangila da kamfani suna jayayya kan wanda zai biya.

Mun san abin da za a ce. Za a ce shugaban ƙaramar hukuma ba shi da iko a kan kamfanin da lasisinsa daga Abuja ya fito, in ya kira ba za su zo ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma ƙasar da ake haƙawa tana ƙarƙashin Gwamna bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, izinin bi da waya a gefen titin Jiha kuma Jiha ke bayarwa. In Dutse ta ce ba izini sai da sa hannun akawun littafin nan, kowa zai zo. Kamfanonin ma ribarsu ce, don su ke biyan kuɗin ɗinke wayar da aka tsinke. Za a kuma ce taro yana jawo jinkiri. Mu dai mun gwada jinkirin mako biyu na zaman shawara da na makonnin da makarantar nan ta yi ba ruwa, ba mu ga sun yi kusa ba.

Ku kuma malamai, akwai abin da ba sai kun jira Dutse ba. Ko wane hedimasta ya ɗauki 'yan aji shida da igiyar awo, su zana inda bututu da wayar makarantarsu suka shigo, a manna kofe guda a ofis, a aika guda ga sakataren ilimi. Ran da aka ga ɗan kwangila ya fara kafa turaku a bakin makaranta, a fita da takardar a nuna masa kafin katafila ta iso.