Sharhi: Zanen Ɗab'i Ba Zai Tsaya a Ƙasar Kabi Ba Sai da 'Yan Ƙungiya

Sharhinmu na yau ya leƙa wata sana'ar hannu da ba kasafai ake jin sunanta a rediyo ba, wato zanen ɗab'i, da dalilin da ya sa ba za ta kafu a jihar Kebbi ba sai ta samu ƙungiya mai mutanen da ke biyan kuɗin wata.

Mai zanen ɗab'i ba ya zana hotonsa a kan takarda kai tsaye. Katako mai laushi yake samu, ko robar nan mai kauri da ake kira lino, ya fitar da siffar da yake so a kai. Sai ya ɗauki 'yar wuƙa mai lanƙwasasshen baki ya riƙa ƙwaƙule duk inda yake so ya fito fari. Abin da ya bari a tudu shi ne zai sha tawada. Idan ya gama, ya shafa tawadar da rola, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da cokali ko ya tura ta cikin injin matsi, sannan ya kama gefe guda ya ɗaga a hankali. A nan ne zai san ko ya yi ko bai yi ba, domin komai a juye yake fitowa, dama ta koma hagu, kuma inda wuƙa ta zame babu maganar gyara.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sassaƙa hatimi a kasuwa ya ga rabin wannan aiki. Ga shi ya duƙa kan 'yar roba da ba ta fi tafin jariri ba, yana yanka sunan makaranta ko na kanti daga baya zuwa gaba da tsinin reza, yana hure ɓurɓushin, yana dangwala tawada yana gwadawa a bayan tsohuwar takarda. Haka ma yaran da ke buga riguna lokacin biki ko siyasa, da firam ɗinsu na katako da aka ɗaure wa kyalle mai raga. Hannun da zai yi zanen ɗab'i yana nan a Birnin Kebbi da Argungu da Jega. Abin da ya rage masa shi ne horo, da kayan aiki, da mai saye.

Wannan zane yana da wata fa'ida da zanen fenti ba shi da ita. Mai fenti zai yi wata guda a kan allo ɗaya, mutum ɗaya ya saya ya kai falonsa ya rufe. Mai ɗab'i kuwa daga katako ɗaya zai buga talatin. Kowanne zai sa masa hannu da fensir a ƙasa, ya rubuta lambarsa, misali 4 bisa 30, wato na huɗu cikin talatin. Da ya cika talatin sai ya soke katakon da wuƙa don kada a ƙara bugawa. Kowane ɗaya cikin talatin ɗin aikin asali ne, hannun mai shi ya taɓa shi, kuma kuɗinsa bai fi ƙarfin malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya ba.

To amma akwai inda gizo ke saƙa. Wasu nau'o'in ɗab'in, kamar wanda ake cinye farantin jan ƙarfe ko na tutiya da asid, sai da injin matsi mai nauyi, da ɗaki mai iska, da tawada ta musamman, da takarda mai kauri wadda akasari shigo da ita ake yi. Matashin da ya gama makaranta jiya ba zai iya haɗa waɗannan shi kaɗai ba. Ko ya iya, injin zai yi kwana shida a mako yana shan ƙura. Manoman fadamar Rima sun san wannan lissafi tun tuni: injin ban ruwan da ya gagari mutum ɗaya, idan goma suka haɗa kuɗi sai ya shayar da gonaki goma.

Tarihin wannan fasaha a Nijeriya ma abin da ya nuna ke nan. A watan Oktoba na 1958, wasu ɗalibai a Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Akasarin malamansu Turawan Ingila ne, manhajar ma ta Ingila ce. Su kuwa suka tsaya a kan cewa za su karɓi dabarun Bature, amma abin da za su zana daga gida zai fito. Ƙungiyar ba ta wuce shekara uku ba, amma har yau ba a rubuta tarihin zanen zamani a ƙasar nan ba tare da ita ba.

Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932 a Agbarha-Otor ta jihar Delta ta yanzu, shi ne ya zama babban gwanin ɗab'i a cikinsu. Mu duba hanyar da ya bi. Bayan Zariya, ya ƙaro ilimin aikin faranti a bitocin da wani ɗan ƙasar Holan mai suna Ru van Rossem ya jagoranta a farkon shekarun 1960, ƙarƙashin kulob ɗin Mbari da aka kafa a Ibadan a 1961 da ɗan'uwansa Mbari Mbayo na Oshogbo. Onobrakpeya yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Nijeriya, SNA, a 1963, wadda Yusuf Grillo ya zama shugabanta na farko. A 1967 asid ya ɓata wa Onobrakpeya wani faranti, wajen ƙoƙarin cike ramukan ya gano sabuwar dabarar bugu da ta fitar da sunansa a duniya. Da girma ya zo, sai ya mayar da biki: tun 1998 yake shirya bitar hunturu a garinsu, inda masu zane daga sassan ƙasar nan da waje ke haɗuwa su koyi aiki da juna. Mutum ne mai baiwa, babu shakka, amma a kowane mataki na rayuwarsa akwai wata ƙungiya da ta buɗe masa ƙofa.

A wasu ƙasashen ma haka abin yake. A birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, Kim Berman da Nhlanhla Xaba sun buɗe ɗakin ɗab'i na haɗin gwiwa mai suna Artist Proof Studio a 1991, kuma ya horar da matasa da yawa waɗanda iyayensu ba su da halin kai su jami'a. A Ostareliya kuwa, majalisar masu ɗab'i da aka kafa a 1966 takan ba wasu gwanaye aikin buga sababbin zane kowace shekara, 'yan ƙungiya su saya da rangwame. Abin lura a nan shi ne ba dole sai kana zane za ka zama ɗan ƙungiya ba. Likita na ciki, ɗan kasuwa na ciki, makarantu da ɗakunan karatu na ciki. Kuɗinsu ne ke riƙe da masu zanen.

Yanzu mu dawo gida. Baƙon da jirgi ya sauke a filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, idan ya fito titi, hanya ɗaya ta kai shi Birnin Kebbi, ɗaya ta kai shi Argungu. A Argungu akwai bikin kamun kifi da ya samo asali a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, bikin da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Akwai gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakunan Kabi. Mai ido ba zai rasa abin sassaƙawa ba: masunta sun ruga cikin Matan Fada da koma da gora, giwan ruwa a kan sikeli, kwale-kwalen Yawuri, dangogin shinkafa a fadama, zanen da ke bangon tsofaffin soraye. Baƙon nan zai ɗauki hoto da wayarsa ya koma. Da a ce a ɗakin jiran jirgi na Ambursa akwai teburi guda na ƙungiyar masu zane, da zai tafi da takarda mai sa hannun ɗan Kabi, kuɗinsa kuma ya zauna a Kabi. Takarda ba ta da nauyi, ba ta fashewa kamar tukunya, ana naɗe ta a sa a jaka.

Wani zai ce, a wannan marra da mudun shinkafa ke neman gagarar talaka, wa ke ta zane? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin lissafi. A ƙaddara mutum 100 sun shiga ƙungiya, kowa na ba da naira 2,000 a wata. Naira 200,000 ke nan a wata, miliyan biyu da dubu ɗari huɗu a shekara. Wannan ba kuɗin gina katafaren gini ba ne, amma zai sayi wuƙaƙe da rola da tawada da takarda, ya biya kuɗin mota da masaukin gwani ɗaya daga Zariya ya zo ya yi mako yana koyarwa, a kuma fara tara na inji. A ƙarshen shekara kowane ɗan ƙungiya ya karɓi zane guda mai lamba, a matsayin rabonsa. Bai yi sadaka ba, saye ya yi tun kafin a buga. Yaron da ya koya kuwa, hannun da ya sassaƙa lino shi zai tsara tambarin buhun shinkafa, da bangon littafi, da zanen da ake bugawa a yadi. Sana'a ce ta cin abinci.

Wani kuma zai kawo batun addini, ya ce shi ba ya rataye hoton mai rai a ɗakinsa. Wannan matsayi ne da ya kamata a girmama, kuma bai rufe ƙofa ba. Kakanninmu sun bar mana zayyanar allo, da dagi, da aikin wuyan babbar riga irin su aska takwas, da adon ƙwarya, da ƙawataccen rubutun ajami. Duk waɗannan layi ne da siffa, kuma babu abin da ya dace da bakin wuƙar mai ɗab'i kamarsu. Ƙungiya mai hankali za ta jawo masu zayyana da maɗinka da dukawa, domin su ne suka riƙe wannan ilimi.

Ƙorafi na uku shi ne mafi nauyi. Mutane sun ga ƙungiyoyi da dama da aka kafa da kiɗa da jawabai, bayan wata shida ba kuɗi ba ma'aji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka duk ƙungiyar masu zane da ke son kuɗin jama'a sai ta cika sharuɗɗa. Ta yi rajista, ta buɗe asusun banki da sa hannun mutum fiye da ɗaya, ta karanta lissafi a gaban kowa duk bayan wata uku. Ta ajiye littafin da za a rubuta sunan kowane zane da yawan da aka buga. Idan aka ce talatin, to talatin ne, domin ranar da mai saye ya gano an buga na talatin da ɗaya a ɓoye, darajar sauran ta zube, sunan ƙungiyar ma ya bi ta. Sannan kada shugabanci ya zama gadon mutum ɗaya, kuma a ware ranaku da wuri na mata, waɗanda da ma su ne gwanayen lalle da adon ƙwarya.

Kowa na da abin da zai yi. Masu zane na jihar Kebbi su yi rajista da SNA, su raya reshe mai aiki a nan gida, kada ya tsaya a takarda. Manyan makarantunmu, irin su Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, za su iya ba da ɗaki guda da za a ajiye inji, ɗalibi da ɗan gari su yi amfani da shi. Masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru, idan za su yi wa babban baƙo kyauta, su sa zanen 'ya'yansu a ciki. Hukumomin da ke kula da al'adu da yawon buɗe ido su ware rumfa ga masu ɗab'i a lokacin bikin Argungu. Otal-otal da bankuna su daina cika bangonsu da hotunan duwatsun ƙanƙara na ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba.

Amma kada a zauna jiran gwamnati. Ɗaliban Zariya na 1958 ba su jira an ware musu kasafi ba, kuma sauyin gwamnati ba ya kashe abin da jama'a suka riƙe da aljihunsu.

Saboda haka, ya kai mai sauraro, ko kana Ambursa ko Gwandu ko Kamba, idan ka san yaro mai hannun zane, ka haɗa shi da 'yan'uwansa. Idan masu zanen garinku sun kira taro, ka je, ka tambayi tsarin mulkinsu da asusunsu. In ka gamsu, ka yanki kati, ka biya kuɗin wata a kan lokaci, ka sayi aikinsu da farashin da suka faɗa ba tare da ka karya musu gwiwa da tayi ba. Su kuma masu zanen, su fara haɗuwa tun wannan wata, ko da su biyar ne.

Sharhin ke nan. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu.